Ƙusoshin Bunu Mai Fitila

A bangon shagon Bunu akwai ƙusoshi ɗari da sittin da uku. Na san yawansu ne domin ina wurin ranar da aka ƙirga su. Shagon yana bakin tashar manyan motoci a Potiskum, ɗan ƙarami ne, idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Kowace ƙusa fitila guda take ɗauka, kowace fitila kuma tana da mai ita, ko da yake dukkansu na Bunu ne.

Sana'arsa hayar fitila. Ya gaje ta wurin mahaifinsa, Malam Bakari, wanda ya zo daga Borno da ɗan akwatin kayan gyara, yana liƙe gwangwani da dalma yana ƙera aci-balbal. Malam Bakari ne ya lura cewa mai tsire ba shi da lokacin wanke ƙwan fitila, mai shayi kuma kullum lagwaninsa hayaƙi yake yi, sai ya ce su bar masa wannan wahalar. Shi zai sayi fitilar, shi zai wanke, shi zai zuba kananzir. Su dai su zo da magariba su ɗauka, su dawo da ita bayan asuba tare da ɗan abin da aka shirya.

Bunu ya tashi a cikin warin kananzir. Tun yana saurayi har furfura ta cinye gemunsa, abu ɗaya yake yi bayan la'asar. Zai shimfiɗa buhu a ƙofar shago, ya jera fitilun, ya goge kowane ƙwai da toka da tsohon tsumma har sai ya ga fuskarsa a ciki, ya datse lagwani da almakashi, ya zuba mai da mazurari. Bai taɓa rubuta sunan kowa a jikin fitila ba. Ta Ɗantala mai shayi ya san ta da lanƙwasar mariƙinta. Ta Ya Gumsu mai burabusko kuwa ko ido rufe zai gane ta, domin ita kaɗai ke dawowa da ƙamshin miyar yakuwa da man shanu.

Yana da wani ɗan kara mai tsaga-tsaga da yake tsomawa cikin fitila da asuba. Abin da ya rage na mai shi ke gaya masa yadda dare ya kasance. Idan ta dawo a bushe, mai ita ya kai asuba yana ciniki. Idan ta dawo da rabi, to ko kaya ne suka ƙare da wuri, ko kuwa kasuwa ce ta ƙi, kuma bambanta su ba ya yi masa wuya. Wanda kayansa suka ƙare yakan tsaya ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Wanda kasuwa ta ƙi shi yakan rataye fitilar ya wuce. Fiye da shekara arba'in na san Bunu, ban taɓa jin ya faɗa wa wani abin da ya karanta a fitilar wani ba.

Ina tuna dararen wancan lokacin, musamman daren Laraba, ranar kasuwar shanu. Kafin a kira isha bangon ya zama fanko, ƙusoshi tsirara daga sama har ƙasa. Idan ka tsaya a ƙofar shagon ka dubi layin, sai ka ga haske ja-ja yana rawa a kan kowane tebur har inda ido ya ƙare. Tireloli suna shigowa daga Legas da Fatakwal da Maiduguri, direbobi suna saukowa suna miƙa, shanu suna kuka a cikin motocin da aka loda. Ga masu faci, ga mai yankan farce, ga mai gyaran rediyo, ga mai tallan turare da ke bin benci-benci. Da Hausa ake ciniki, amma idan an taka mutum, da harshen gidansu yake fara magana, sai ka ji Karekare ko Bolanci ko Barbarci ya fito kafin ya tuna inda yake. Har yau idan na ji warin kananzir ya haɗu da hayaƙin tsire, ƙafata takan rage sauri.

Sai shekarun tashin hankali suka zo, aka sa dokar hana fita. Kafin rana ta faɗi kowa yana bayan ƙofarsa. A karo na farko tun zamanin Malam Bakari, fitilu suka kwana a kan ƙusoshinsu, duka. Bunu bai daina zuwa ba. Yakan taho daga gidansa a Hausari da hantsi, ya goge ƙwan da ba su yi hayaƙi ba, ya mayar, ya rufe. Da aka ɗage dokar, wasu daga cikin masu fitilun ba su dawo ba. Wasu sun koma Kano ko Bauchi, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Bai ba kowa ƙusoshinsu ba. Tsofaffin fitilun ƙwai suna nan rataye a jeren sama har yau, lagwaninsu ya bushe.

Kananzir ya yi tsada, sai ya koma fitilun caji. Ya sayi farantin sola biyu ya ɗora a rufin shago. Ɗan karan nan ya daina aiki, ya soke shi a jikin kwano. Amma karatun bai tsaya ba, domin da asuba yakan danna kowace fitila a tafin hannunsa ya ga ƙarfin hasken da ya rage mata. Hamsin da takwas ke fita a dare. Da su yake ci, shi da matarsa Falmata da jikoki biyu da ɗansa ya bar masa. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a.

A bara, bayan damina, wata yarinya ta fara zuwa layin da magariba, riƙe da allon nan mai kama da babbar waya. Sunanta Ummul-Khair. Wata ƙungiya ce ta turo ta. Suna da sandunan fitilar sola da za su kafa a wuri ɗaya kaɗai a cikin gari, kuma sun ce za su kai su inda cinikin dare ya fi ƙarfi. Aikinta shi ne ta auna, ta gano nawa dare yake kawo wa kowane layi. Ta yi wannan bayanin a kowane tebur, amma ba wanda ya ji shi har ƙarshe. Da zarar ta kai kan tambayar nawa mutum yake samu a dare, sai fuska ta canza.

A garin nan mutum ba ya faɗin abin da yake samu. Akwai tsoron haraji, akwai tsoron baki, akwai kuma ɗan uwa da zai ji ya zo da buƙata. Mai faci ya ce mata alhamdu lillahi, ta ce ba ta da gurbin rubuta alhamdu lillahi, ya ce to ta bar wurin haka nan. Ɗantala, wanda kiret huɗu na ƙwai ba ya kai shi asuba, ya rantse mata cewa zaman nan don gudun zaman gida kawai yake yi. Ya Gumsu kuwa da ta ji lafazin yarinyar, sai ta ajiye ludayi.

"Ashe Bafulatana aka turo mana. 'Yata, ku da ba ku iya ƙirga komai ba sai shanu, yaushe kuka fara ƙirga tukwanen mutane?"

"Inna, shanun sun ƙare, Barebari sun cinye su a miya. Shi ne na biyo sawu."

Ya Gumsu ta yi dariya har da tari, ta zuba mata burabusko ta ƙi karɓar kuɗi, sannan ta gaya mata cewa kwano ɗaya take dafawa, shi ma rabi ke komawa gida.

Akwai kuma wata matsalar. Dokar ofishinsu ita ce ƙarfe tara mota ta ɗauke ta. Ƙarfe tara kuwa a layinmu ana hura wuta ne. Tireloli ba sa fara shigowa sosai sai sha ɗaya ta gota. Abin da yarinyar ta gani kwana huɗu a jere, bencuna ne babu kowa da mutane masu kukan babu.

Rana ta huɗu allonta ya mutu, aka nuna mata shagon Bunu. Ina zaune a bencin ƙofa. Tana jiran caji ta shiga ba shi labari, kamar yadda mai gajiya yakan yi wa tsoho. Ta ce abin ya ba ta mamaki, domin tun tana ƙarama take jin labarin daren tashar Potiskum, amma lissafinta ya nuna layin nan shi ne na ƙarshe. Ranar Alhamis za ta miƙa rahoto, kuma da alama sandunan wani wuri za su tafi. Bunu ya tambaye ta irin hasken sandunan. Ta ce guda ɗaya takan haska faɗin masallacin unguwa, daga magariba har gari ya waye, kuma kyauta.

Na ga ya ɗaga kai ya dubi bangon. Idan aka kafa sandunan a layin nan, ba wanda zai ƙara hayar fitila. Ya cire allon ya miƙa mata, ya ƙi karɓar kuɗin caji, ya yi mata addu'a. Da ta tafi ya ce mini Allah ya san abin da yake yi, ni kuma na ce haka ne. Ranar ya rufe shago yana ɗan raira wata tsohuwar waƙa ta Barbarci a hanci.

Ranar Talata da asuba Ya Gumsu ba ta zo da kanta ba. Sai da rana ta fito wani mai Keke Napep ya sauke ta a ƙofar shagon, ƙafarta ta hagu a naɗe da gefen tsohon zane. Wajen ƙarfe biyu na dare, tana fitar da tukunya zuwa bakin titi don ta samu abin hawa zuwa gidanta a Dogo Nini, ta zura ƙafa a kwalbatin da murfinsa ya karye. Sauran miya mai zafi ta kwaro mata. Fitilar tana rataye a hannunta amma ta dushe, ta faɗi gilashinta ya tsage. Ba ƙafar ta kawo ta ba, fitilar ce. Ta kwance bakin zanenta tana tambayar nawa za ta biya.

"Ya Gumsu, mayar da kuɗinki."

"Baba Bunu, kayanka ne na fasa."

"Na ce ki mayar."

Ya karɓi fitilar ya danna a tafin hannunsa. Ɗan hasken da ya fito ko layin tafinsa bai nuna ba. Shekara talatin da wani abu matar nan tana ɗaukar fitilarsa. Idonta ya fara rauni, shi ya sa a shekarar ta koma ɗaukar biyu a daren Laraba. Ya daɗe yana juya fitilar bayan ta tafi. Daga baya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, fitilarsa tebur take haskawa, ba ta taɓa haska wa kowa hanya ba. Sai ya tambaye ni ko yarinyar ta bar lambar waya a wurin wani.

Ɗantala yana da ita. Bunu ya kira ta ya ce ta zo daren Laraba bayan sha ɗaya. Ta ce ba za a bar ta ba. Ya ce to ofishin nasu ya hana fitar asuba? Ta ce ai ba wanda ya taɓa yin maganar asuba.

Ta iso ranar Alhamis ana sallame salla. Bangon ƙasa fanko ne, sai tsofaffin fitilun ƙwai a sama. Ya sa ta zauna a kan kujerarsa. Mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, idanu jajur, suna rataye fitilu. Kowace ta dawo sai ya danna ta a tafinsa ya gaya mata sana'ar mai ita da lokacin da ya tashi. Wannan ta mai faci ce, ya kai ƙarfe huɗu. Wannan ta mai balangu ce, dubi maiƙo a mariƙi, namansa ya ƙare kafin uku. Wannan ta mai sayar da ruwa da lemo ce. Hamsin da takwas, uku ne kawai suka dawo da sauran haske mai ƙarfi. Ya ce mata bayan waɗannan akwai masu kunna janareta da masu fitilar kansu, ya lissafo mata su da baki, layi-layi.

Ta ce wannan ya nuna mata mutane nawa ne da tsawon darensu, amma har yanzu ba ta da kuɗi a lissafin. Ya ce ba zai faɗa mata samun kowa ba, ko da ya sani.

"Amma 'yata, kin yi tambayar a juye. Kada ki ƙara tambayar mutumin garin nan abin da ya samu. Ki tambaye shi tsadar kaya, ki gyara zama."

Ɗantala ne ya shigo a lokacin, yana hamma. Ummul-Khair ta gaishe shi ta ce ta ji an ce ƙwai ya ƙara kuɗi. Kamar ta buɗe famfo. Ya ce ƙari ma take cewa, kiret biyar ya saya jiya da kuɗin da a da zai sayi goma sha biyu, ga madara katon ɗaya ba ya kwana biyu, ga sukari, ga burodi sittin da ake kawo masa kullum an rage masa girma. Tana ta dannawa a allonta. Sai da ya kai kan gawayi ya lura, ya tsaya da baki buɗe, ya dubi Bunu.

"Baba Bunu, kai ma?"

"Fitila za a sa muku, ba haraji ba. Ƙarasa mata gawayin."

Har hantsi tana nan. Bunu ya raka ta bayan tebura ta ga gwangwanayen madara da aka tara, da ɓawon ƙwai, da tsinken tsire a kwandon shara, ta ƙirga abin da za ta iya. Aka kai ta gidan Ya Gumsu a Dogo Nini, inda kwano ɗayan nan ya zama tara, da awaki biyu a mako, da mata uku masu taya ta aiki, da wani manomi a Danchuwa da duk yakuwar gonarsa tukunyarta take ƙarewa. Kafin ta tafi ta dawo shagon ta tsaya gaban bangon, ta ƙirga ƙusoshin da yatsa, har da na sama. Ta tambaye shi me ya sa waɗancan ba sa fita. Ya ce masu su ba su dawo ba tukuna.

Sannan ta ce, "Baba, ka san abin da sandunan za su yi wa shagon nan?"

"Tun ranar da kika zo caji na sani."

"Zan iya rubuta cewa akwai wanda abin zai shafa."

"Rubuta. Amma ki sa shi a ƙasa, bayan kin gama da su."

Wata bakwai aka yi kafin motar sandunan ta zo. Goma sha takwas aka kafa, aka kuma rufe kwalbatin. Daren farko na je. Da magariba ta yi suka kama da kansu, fari tas, har ana ganin tururuwa a ƙasa. Yara suka yi ta gudu daga wannan sanda zuwa waccan. Ɗantala ya ce yau ya fara ganin cewa bencinsa yana da datti. Haske ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai ba ya rawa, kuma ba ya sa fuskar mutum ta yi ja kamar yadda fitilar ƙwai take yi. Bunu ya zauna a ƙofar shagonsa, bangon cike a bayansa, yana amsa gaisuwar mutanen da ke wucewa suna sunkuyar da kai kamar sun yi masa laifi.

Yanzu cajin waya yake yi da rana, yana kuma gyara fitilun da mutanen ƙauye ke kawowa ranar kasuwa. Ya sayar da fitilun caji talatin. Abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba, Falmata ta fara soya awara a ƙofar gida. Ya daina zuwa da asuba a guje, sai ya gama lazimi ya sha kunu.

Fitila ɗaya ce ke fita kullum. Ya Gumsu tana zuwa da magariba, tana ɗan ɗingishi, ta ɗauki tata daga ƙusarta, ta ajiye kuɗin haya a kan tebur. Ya taɓa gaya mata cewa sanda tana bisa kanta, me za ta yi da fitila. Ta ce ita sandar Turawa ba ta leƙa mata cikin tukunya, kuma kada ya koya mata sana'arta.

Makon jiya ina wurin ta dawo da ita da safe. Ta rataye, ta tsaya ta tambayi Falmata, ta tambayi jikoki da sunayensu, ta tambayi ciwon gwiwarsa. Da ta tafi ya sauke fitilar ya danna a tafin hannunsa. Hasken ya fito da ƙarfinsa duka, kamar yadda ya ba ta jiya. Ya kai mariƙin kusa da hancinsa, ya ji miyar yakuwa da man shanu. Ya ɗauki tsumma ya goge gilashin, ya jona ta a caji duk da haka.